Ƙasar Ganuwa

Ana kiran magariba, Murja na kwashe tuwo, sai hoge ya faɗo tsakar gida. Wani hogen ya biyo baya. Mijinta Badaru ya leƙa waje, ba kowa, ko kaji sun yi tsit.

Ya ɗauki hogen ya duba. Jar ƙasar tsohuwar ganuwa ce, wadda yake bi ta kanta kullum in zai dawo daga gona, ramin gwalalo a gefenta cike da ruwan damina. Daga jikinta ya sari amalanke uku ya ta da bangon ɗakin 'yarsa Khairiyya da ruwa ya kayar.

A rana ta uku Khairiyya ta fara zagaye gidan. Daga rana ta yi ja sai ta bi jikin katanga da takun da ba nata ba, taɓarya a kafaɗa, ido a kafe. In uwarta ta riƙe ta, sai ta ture ta da ƙarfin ƙato. Kafin mako ƙafafunta sun kumbura, suna tsattsafo da jini.

Badaru ya ɗauko Malam Ilu daga Gagarawa. Malam ya zauna a kan buzu, ya daɗe yana karatu, har yarinyar ta tsaya cak.

"Wane ne kai?"

Muryar tsoho ta fito daga bakinta. "Mai tsaron ganuwa. An kawo ganuwata nan, na biyo ta."

"Ka ji tsoron Allah, ka fita."

"In na fita, wa zai hango mahara?"

"Bawan Allah, yaƙi ya ƙare tun zamanin kakanninmu."

Hawaye suka gangaro a kumatun Khairiyya.

"Ba wanda ya gaya mini," in ji muryar. "To a mayar mini da ƙasata. Ban san wani wurin zama ba."

Badaru ya yi alkawari. Khairiyya ta yi atishawa, ta zube jikin uwarta tana neman ruwa.

Da safe ya rushe bangon da hannunsa, ya loda amalanke. Da ya isa, ya tarar magina sun kwashe guntun ganuwar kaf, har sun fara cike gwalalon. Ya daɗe tsaye da igiyar shanu a hannu, ya rasa inda zai zuba.