Sawu Cikin Ƙurar Alli

Allin ya karye a hannun Auta tun ba ta kai ƙarshen kalmar ba.

Admiration.

Ta ɗaga ido a hankali. Can a kusurwar allon ta sama, inda ba wanda ke yarda tsumma ya taɓa, kalmar nan ce dai a rubuce da hannun Yaya, ta dusashe amma ta ƙi tafiya. Ita ce ta ƙarshe da yayarta ta rubuta a wannan ajin na manya masu koyon Turanci, ranar da ciwon kai ya kayar da ita a gaban allo, aka fita da ita ranga-ranga. Ba ta dawo ba. Auta ta gaji ajin, ta gaji tebur, ta gaji har takalman da ke ƙafarta. Yau kuma littafi ya zagayo, darasin ya dawo.

"Ƙaramar Malama, lafiya?" in ji Baba Mai Gadi daga layin gaba.

"Lafiya lau, Baba."

Ta gyara murya. "Ma'anarta burgewa. Mutum ya cika maka ido, ka jinjina masa. A Turance sai ka ce kana da ita ga wane, ko ka kalli wane da ita, ko zuciyarka ta cika da ita. Kun dai san dokar ajin nan..."

"Ba a ƙirƙiro jimla!" suka amsa baki ɗaya.

Dokar Yaya ce. Duk kalmar da aka koya, sai ka miƙe ka ɗora ta a kan mutumin da ka sani da gaske. Yaya takan ce jimlar ƙarya ba ta kwana a ka.

Direba ya riga kowa miƙewa. "Malama, motata fa? Wallahi jiya ta hau tudu ba a tura ta ba!"

"Mutum aka ce, Direba!"

"Ai ta fi wasu mutanen alkawari."

Aka kwashe da dariya. Sai Baba Mai Gadi ya tashi, ya haɗa tasa jimlar daƙyar, kalma na tuntuɓe da kalma, ya ɗora ta a kan Babbar Malama, wato Yaya, Allah ya jiƙanta. Dariyar ta ɗauke. Daga nan kowa ya bi. Tela, Babbar Malama. Mai Wanki, Babbar Malama. Auta tana gyara musu jimla tana gyaɗa kai.

Saura mutum ɗaya.

Mai Takalma.

Shi ne mai rako ta bakin layinsu kullum in an tashi, littattafanta a hammatarsa. Shi ne wanda ya ce mata, kansa a ƙasa, yana so ya turo manyansa. Ta zuba masa ido. Ko shi kaɗai... ko sau ɗaya...

Ya miƙe, dogo, hannayensa duk tabon gam. Bai dube ta ba. Kusurwar allon ya duba, ya faɗi jimlarsa tsaf babu gyara: zuciyarsa cike take da wannan abu ga Babbar Malama, har ya koma ga Allah.

"Daidai ne," Auta ta ce. Muryar kamar ba tata ba.

Daga layin baya Mai Turare, 'yar maƙwabciyarsu, wadda kowa ya san ba Turanci ya kawo ta ajin ba, ta yi raɗar da har bakin ƙofa an ji.

"Oh, Ƙarama! Ke ko na taɓa-ka-lashe ba ki samu ba."

Ran nan Auta ba ta jira rakiya ba. Ta bi layi ita kaɗai, takalman suna ƙwas... ƙwas... a bayanta. Tafiyar Yaya ce sak. Sau biyu tana waigawa.

*

Washegari da hantsi ta fito daga ɗaki ta tarar da Mai Turare zaune a gaban Umma, ta baje kwalabenta a faranti, amma ba ciniki ake ba.

"Zo nan," in ji Umma. Idonta ya yi ja. Ta juya ga Mai Turare. "Faɗa mata abin da kika faɗa min."

Mai Turare ta dafa ƙirji. "Wallahi Umma ban so in faɗa ba, sai dai zama da shi ya fi ƙarfina. Kin san itacen nan da suke sassaƙawa kamar ƙafar mutum, su ɗinka takalmi a kai? To, akwai guda biyu a shagonsa, can saman kantar ajiye kaya, naɗe da farin ƙyalle. Ƙafar mace. Ba ya bari kowa ya taɓa. Na leƙa na same shi yana shafawa yana murmushi shi kaɗai."

"Ƙafar wa?" Auta ta tambaya, duk da ta san amsar da za a ba ta.

"Haba 'yar'uwa! Ta wa kuwa? Ba a gabanki ya yi jimlarsa jiya ba?"

"Inna lillahi..." Umma ta riƙe kai. "Ƙafar 'yata! Tana kwance a makwancinta, wani ƙato na shafa ƙafarta a shago!"

"Umma, ki bari in tambaye shi..."

"Rufe min baki! Dama tun farko raina bai kwanta ba. Gidan da ya haifi Babbar Malama, a ce mai ɗinkin takalmi zai shigo? Ashe ma ba ke yake nema ba, inuwarta yake bi. Ba zan ba da ke ga mai auren fatalwa ba!"

Ta miƙa hannu ta gyara wa Auta wuyan rigarta. Rigar Yaya ce, mai ruwan toka.

"Tsaya sosai mana. Ita ba ta ranƙwafawa haka."

Auta ta koma ɗaki. Ɗakin Yaya. Gadon Yaya, agogon Yaya, tabarau ɗin Yaya a kan littafin da ba ta ƙarasa ba. Ta tsaya gaban madubi ta daɗe tana neman kanta.

Wayarta ta yi ta ruri. Ta kifa ta.

*

Mai Takalma ya tare ta a ƙofar aji, fuskarsa duk ta faɗa.

"Malamata, me na yi?"

"Wace malamar? Mu biyu ne."

"Ban gane ba, sanyin idona..."

"Kar ka ƙara kirana haka!" Hawayen da ta rantse ba za su zubo ba suka ci amanarta. "In ka kalle ni wa kake gani? Faɗa min gaskiya!"

"Ke mana."

"Me ke cikin farin ƙyalle a saman kantarka?"

Sai ya yi turus. Kunya ta rufe shi har kunnuwa, ya sunkuyar da kai.

"Wa ya faɗa miki?"

Shi ke nan. Bai musa ba.

"Kar ka turo kowa gidanmu," ta ce. "Wadda kake so ta riga ta tafi. Ni aro ce."

Ta shige aji. Ranar ta koyar, bencinsa babu kowa a kai, kalmar Yaya na kallonta daga sama.

*

Umma ba ta iya barin magana a ciki. Da safe ta yafa mayafi ta ce sai ta karɓo ƙafar 'yarta da hannunta. Ta tasa Auta gaba, Mai Turare na biye, wai shaida.

Shagon ɗan ƙarami ne, warin fata da gam ya cika shi. Keken ɗinki a lungu, basilla da guduma a kan benci, takalman mutane jere kamar masu jiran layi. Yana ganinsu ya zabura, ƙusa ta faɗo daga bakinsa, ya durƙusa.

"Umma, ina kwana? Da kin aiko..."

"Ban zo gaisuwa ba. Sauko min da abin can."

Ya dubi Auta. Ta kau da kai.

"Umma, don Allah... bai ƙarasu ba."

"Ka ji ko!" in ji Mai Turare. "Bai ƙarasu ba, wai!"

Ya taka kujera ya sauko da ƙullin. Umma ta fizge ta warware. Ƙafafu biyu na itace, sun sha goga har suna sheƙi. Ta rungume su ta fashe da kuka.

"Wayyo 'yata... wayyo Babba..."

"Ba nata ba ne, Umma," ya ce a hankali.

"Ƙarya yake!" Mai Turare ta yi caraf. "Ai ga takalmin marigayiya nan a ƙafar Ƙarama. A gwada mana, kowa ya gani!"

"Cire," in ji Umma.

"Umma..."

"Na ce cire!"

Auta ta dafa bango ta zare na dama. Wani dunƙulen auduga ya faɗo daga ciki ya mirgina har gaban Umma. Ya yi baƙi, da ɗigon jini busasshe a jikinsa.



Umma ta ɗauki takalmin ta zura itacen a ciki. Ya shige ya yi lakwaf. Ta girgiza, ya yi ƙwalam-ƙwalam, saura wajen yatsu biyu a baya. Ta zaro shi ta juya shi a tafin hannunta, sai babban yatsanta ya tsaya a wuri ɗaya. Ɗan ƙaramin yatsan itacen ya hau kan ɗan'uwansa.

Ta daɗe tana shafa wurin.

Sannan ta sauke ido kan ƙafar Auta da ke tsirara a siminti. Dunduniya duk kanta da tsohon ƙuje. Ɗan ƙaramin yatsa a kan ɗan'uwansa.

"Haka na haife ki da shi," Umma ta ce, muryarta can ƙasa. "Ungozoma har dariya ta yi, ta ce wannan goyo ta zo da shi... Auta, yaushe rabon da in kalli ƙafarki?"

Auta ta juya ta kalli Mai Takalma. 

"Ban taɓa ba ka awo ba. A ina ka samu?"

Ya sosa ƙeya. "Abin kunyar ke nan. In takalman sun dame ki, kina zare su a bayan tebur, kina tsammanin ba mai gani. Ƙurar alli kuma ba ta rufa asiri. Kin zaci son shara ne ya sa nake karɓe tsintsiya in an tashi? Sawunki nake aunawa da taƙin hannu kafin in share. Na so in gama su tukuna, ki fara takawa da su ranar da za ki shigo gidana. Ta yaya zan dubi idonki in ce na saci sawunki?"

"To jimlar fa?" Muryarta ta karye. "Kowa ya ɗora ta a kan Yaya. Har kai! Ko kallona ba ka yi ba..."

"Dokar aji ce, ba a ƙarya. Yayarki ta burge ni. Na zo ajinta ko sunana ban iya rubutawa ba, ba ta taɓa yi min dariya ba. Har in mutu ina jinjina mata." Ya numfasa. "Ke kuwa ba kya burge ni."

"Kun ji ko!" Mai Turare ta tafa hannu.

"Rubutunki a allo gangarawa yake kamar motar Direba ta tsinke birki. Kina fushi da alli in ya karye. Kina cewa daidai ne alhali kuka kike son yi. Wanda ya burge ka, Malamata, daga nesa kake tsayawa kana kallonsa kamar farin wata. Ba ka sanin ko takalminsa na cizonsa." Ya dubi audugar da ke ƙasa. "Ke ƙafarki ke ciwo, ni nake kwana da ɗingishi. Ba a koya mana kalmar wannan ba tukuna."

Auta ta toshe baki. Dariya da kuka suka haɗu suka rasa wanda zai fara fita.

Mai Turare ta gyara jaka. "Ni dai abin da na gani na faɗa..."

"Kin gani, kin ƙara gishiri," in ji Umma ba tare da ta dube ta ba. "Gaida min uwarki."

Da ta fice, Umma ta durƙusa da kanta, da tsufanta, ta zare wa Auta ɗaya takalmin. Ta haɗa su biyu ta naɗe a farin ƙyallen nan, ta rungume.

"Na ce maka mai auren fatalwa," ta ce da shi. "Ashe ni ce na binne mai rai don in ta da matacciya. Auta, ki yafe min."

"Umma, ki daina..."

"Kai kuma, ba ta silifa ta taka zuwa gida. Ka gama aikinka da wuri. Ka ce wa manyanka ƙofa a buɗe take."

*

Bayan biki da ta koma aji, ba wanda ya ji shigowarta. Takalman baƙaƙe ne masu taushi, an ɗan buɗa na dama da na hagu daidai wurin ɗan yatsa.

"A'a! Amarya ta zama kyanwa!" in ji Direba. "Ina ƙwas-ƙwas ɗin da ke ba mu labari mu ɓoye waya?"

Ta yi murmushi, ta ajiye littattafai, ta fuskanci allo.

"Ranar nan kowa ya yi jimlarsa, ban da ni."

Ta dubi kusurwar sama. Ta faɗe ta da Turanci a hankali, ta ɗora ta a kan Yaya, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Baba Mai Gadi ya share ido da bakin hularsa.

Sannan ta ɗauki tsumma.

Hannunta bai kai ba. Yaya doguwa ce.

Mijinta ya taso daga benci ya jawo mata kujera, ya riƙe ta gam. Ta hau, ta goge kalmar harafi bayan harafi, ƙurar na sauka a kan sababbin takalmanta.

Da aka tashi suka bi layi tare, littattafan a hammatarsa. Ta kasa kunne ko za ta ji tafiyar Yaya a bayanta, har bakin ƙofar gida.

Ba wanda ya biyo ta.