Makarar da Ta Dawo da Nauyi

Da hantsi wani makiyayi ya kawo rahoto caji ofis a Daura: ya ga gawar tsohuwa cikin likkafani a kwazazzabo, dab da iyakar Nijar, an lulluɓe ta da ƙaya.

Sufeto Nu'uman ya ga ƙazanta kala-kala a aikin nan, amma bai taɓa ganin irin wannan ba. Mutanen Unguwar Kabo suka shaida ta: Iya Hadijatu ce, wadda aka yi wa sallah jiya.

"Ina kuke binne mamatanku?" ya tambayi mai unguwa.

"Ƙetare, yallaɓai. Tun kafin Bature ya ja layi kakanninmu ke kwance can. Kwastan da jandarma ba sa taɓa makara. Don Allah kar maganar nan ta sa a rufe mana hanya."

Aka kira ɗanta Dabo, yana ta matse ido ba hawaye.

"Da hannuna na sa ta a kabari. Kura ce ta tono ta."

"Kura ce kuma ta rufa mata ƙaya? Wa ya raka ku?"

"Ni da abokaina. Na ce jama'a su koma, rana ta yi zafi."

Sufeto ya yi tsaki. Yaushe zafin rana ya taɓa hana Musulmi rakiyar gawa?

A shingen iyaka wani jami'in kwastan ya ce, "Dabo da abokansa sun wuce da makara, sun dawo da ita. Su huɗu, suna nishi."

"A dawowar?" in ji Sufeto.

"A dawowar."

Ko yaro ya san makarar da ta sauke gawa mutum ɗaya ke saɓo ta. Sufeto ya sa aka buɗe rumbun Dabo. Katan-katan na ƙwaya ne, naɗe cikin tabarmar da aka ɗauki tsohuwar.

Dabo ya durƙusa. "Mai kayan yana sauri, yallaɓai. Na ce in na sauke zan koma in haƙa mata."

"Ita da ta goya ka ba ta yi sauri ba," in ji Sufeto, ya kau da kai. "Ku sa masa ankwa."

A ranar hukuma ta rufe hanyar. Da la'asar aka binne Iya Hadijatu a bayan gari, ita kaɗai, mijinta da iyayenta suna can ƙetare.