Kujerar Tausa Ta Can Ƙurya

Da magariba jirginmu ya sauka, wanda zai ƙarasa da ni kuma sai gari ya waye. Autanmu yana kwance a asibiti ana masa wankin ƙoda, kuma a duk gidanmu tawa ce kaɗai ta dace da jikinsa. An gwada ni, an ɗauki hoto, ƙodata biyu lafiya lau. Ɗaya zan kai masa.

Bencin ƙarfen filin jirgin ya ƙagar mini da baya, sai na nemi ɗakin hutun nan da ake biya awa-awa. Na biya na awa biyu, raina yana suya.

Ni mai aski ne, kuma ina da ƙyanƙyami. Ina shiga hancina ya ba ni labari: warin safa, tsamin hammata, da turaren da aka fesa don a rufa musu asiri. Wani ƙato ya tuɓe takalmi ya ɗora ƙafa a teburin shayi yana minshari. Duk kujerun sun cika.

"Saura ta tausa, can ƙurya," in ji yarinyar da ke karɓar baƙi. "Injinta ya mutu tun bara, amma za ka iya kishingiɗa."

Kujerar ta baƙar fata ce, duk ta tsattsage. Maiƙon kan mutane ya yi kitse a matashinta. Na shimfiɗa hankicina, na kwanta ina tsaki.

Fatar da ɗumi, kamar yanzu wani ya tashi.

Can sai na ji motsi a kafaɗata. Matsa, saki. Matsa, saki. Na ce ashe tana aiki, banza ta faɗi. Na lumshe ido. Wallahi na ji daɗi, abin da har yau yake tayar mini da zuciya ke nan.

Sai na lura babu ƙarar inji.

Sana'ata ta hannu ce, na san taɓin yatsa. Waɗannan yatsu ne. Dogaye, masu gaɓoɓi fiye da kima, suna tafiya a ƙarƙashin fatar kujera. Wani ƙarni ya taso, irin na teburin mahauci da yamma.

Da na tashi a lokacin, da shi ke nan. Amma na duba agogo, ko rabin awa ban ci ba. Na ce gajiya ce, kuma kuɗina ba zai tafi a banza ba.

Yatsun suka gangaro. Suka wuce haƙarƙari. Suka tsaya a kwiɓina.

Suka latsa dama. Suka latsa hagu. A hankali, yadda ake latsa nama a kasuwa kafin a saya.

Rigata ta jiƙe. Ba gumi ba ne. Abu ne mai yauƙi, mai ɗumi, yana tsattsafowa daga tsagar fatar. Wani abu mai kaushi ya lashi bayana, daga ƙugu har wuya.

Na yunƙura, kujerar ta matse cinyoyina.

Daga cikin matashin, dab da kunnena, aka yi raɗa. Numfashin kamar an buɗe masai.

"Biyu gare ka."

Muryar ta ci gaba.

"Ɗaya ai ba ka so. Kyauta za ka yi da ita."

"Ta ƙanena ce," na ce da ƙyar. "Don Allah."

Aka yi 'yar dariya, ana haɗiyar yawu.

Sanyi ya shige ni ta hagu. Ba zafi. Sai wani ɗan sauti, ɗus, kamar an tsinke zare.

Sunan Allah ya kuɓuce daga bakina da ƙarfi. Kujerar ta saki. Na faɗo ƙasa, na yi rarrafe, na kelaya amai a kan takalmin ƙaton nan. Bai ko farka ba.

A bayana ana tauna.

Yarinyar ta bi ni da kira: "Malam, lokacinka bai cika ba!" Ban waiwaya ba. A banɗaki na jefar da rigar, na wanke bayana har fata ta yi ja. Ko ƙwarzane babu. Na yi hamdala, na ce na tsira.

Kwana biyu bayan haka likita ya sake ɗaukar hoto kafin aiki. Ya daɗe yana kallo, ya ɗauko tsohon hoton ya jera su.

"Wa ya yi maka tiyata?"

"Ba wanda ya taɓa yanka ni."

"To ƙodarka ɗaya ce. Ba za mu iya ɗauka ba."

Ni na gaya wa Auta da bakina. Ya rame, fuskarsa ta kumbura, amma shi ne yake ba ni haƙuri.

"Ba komai, Yaya. Ai ka zo."

Ya miƙo hannunsa mai allurar ƙarin ruwa, ya dafa bayana don ya lallashe ni. Kafin in san abin da nake yi, na doke hannun.