Layuka Arba'in da Ya Goge

Da faɗa suka fara. Ta shigo ɗakin kwamfuta na asibitin da fayil a hannu, ta iske baƙon injiniyan da aka ɗauko don ya mayar da tsohuwar manhajar rajista zuwa sabon yaren kwamfuta, yana ta masifa shi kaɗai.

"Wane mahaukaci ne ya rubuta wannan? Shekara talatin, ko layi ɗaya na bayani babu!"

"Babana ne," ta ce, ta dire fayil ɗin ta fice.

Wata uku yana ba da haƙuri kafin ta fara amsa saƙonsa. Yana kiranta Barkonona, ita kuwa Sarkin Gogewa take ce masa, don duk abin da bai gane ba sharewa yake yi.

Da maganar aure ta kai kunnen Baba, sai ya hau sama.

"Wanda yake goge aikina bai karanta ba? Haka zai yi miki ranar da bai gane ki ba. Ban yarda ba!"

Kwana biyar tana gaishe shi a daƙile.

Ranar gwaji tana kan teburin rajista aka kawo tagwaye mata. Sabuwar manhajar ta haɗe su a kati ɗaya, alhali ɗayar jikinta ba ya karɓar allurar da aka rubuta. Da gudu ta je ta riƙe hannun nas. Sannan ta tura wa injiniyan saƙo:

"Manhajarka ta mayar da tagwaye mutum ɗaya. Saura ƙiris a yi kisa. Me ka goge? Kada ka kira ni."

Ya duba. Wasu layuka arba'in ne masu sarƙaƙiya da ya goge don ya ɗauka shirme ne. Ya ɗauki kwamfutarsa ya nufi gidan Baba. Awa guda Baba ya shanya shi a rana kafin ya fito.

"Ka san dalilin layukan nan? Tagwaye na haifa, wadda kake nema ɗayarsu ce. Manhajata ta haɗe katinsu, aka yi wa 'yar'uwarta allurar da ba tata ba. Washegarin rasuwarta na rubuta su. Da wane hannu zan rubuta bayani?"

Tana bayan ƙofa tana kuka, don ba a taɓa faɗa mata ba.

Sati shida suka yi suna bin manhajar layi-layi, Baba na daka masa tsawa, shi kuwa yana haɗiyewa. Ranar da suka gama, Baba ya ja kwamfutar, ya rubuta bayanin a saman layukan da kansa.

"Turo manyanka," ya ce. "Ranar da ba ka gane ta ba, ka tambaya."

Da yamma saƙonta ya shigo: "Har yanzu ina fushi, angona. Ka kira ni."

Ranar auren Baba ya dafa kawunansu, ya ce: "Allah ya yi muku albarka. In tagwaye ne, kowa da katinsa."