Ranar da Aka Buɗe Kwamfutar Aaron

"Fita! Fita, mayya!"

Kwanon tuwon da ke hannun Hannah ya kife a ƙofar shago, miya ta zube mata a ƙafa. Ba ta ma ji zafin miyar ba, don marin da Gladys matar kawunta ta ɗauke ta da shi ne ke ƙara a kunnenta. A cikin shagon samari sun yi cirko-cirko. Ana tsaka da wasan ƙwallo kwamfutar ta ɗauke ɗif, can kuma ta sake kunna kanta kamar wadda ta farfaɗo daga suma... kamar jiya, kamar shekaranjiya.

"Kun dai gani da idonku!" in ji Prosper, ɗan Gladys, mai shagon. "Tana sako ƙafa kwamfutar ta mutu. Ta cinye uwa, ta cinye uba, ta cinye Aaron, yanzu ta koma kan inji!"

Wayyo! Da wani marin ya ƙara mata da ya fi sauƙi. Aaron yayanta ne, shi kaɗai ya rage mata a duniya, kuma kwamfutar tasa ce. Ba ta manta daminar da ya zo hutu daga bariki da ita cikin kwali, rungume a bayan babur kamar jariri ba. Ruwa na dukan kwanon ɗaki, gasasshiyar masara a gefe, kakinsa rataye a ƙusa, yana koya mata wasa. Da gangan yake barinta ta ci shi, sai ya dafe kai yana kururuwa, "Yarinyar nan kin gama da soja!" Ta yi ta dariya har da hawaye. Sai aka tura su daji... sai akwati ya dawo da tuta a kansa. Ba a tashi daga makoki ba Gladys ta sa aka kwashe kwamfutar zuwa shagon ɗanta, yara na biya suna wasa, Hannah kuwa ta koma shara, wanke-wanke da kai abincin rana.

Magana ta zaga unguwa. Gladys ce shugabar zumuntar mata, wa zai ƙaryata ta? A bakin famfo mata suka riƙa janye bokitansu. A coci benci guda ake bar mata, ita kaɗai. Kawu Haggai ya zo daga gonarsa ta Dirin Daji, ya saurara, ya sunkuyar da kai. Aka yanke: ranar Lahadi Fasto da dattawa za su zo su gani, in ta tabbata a fitar da ita daga gidan, ta san inda dare ya yi mata.

"Ya Ubangiji," ta ce, tana durƙushe a bayan madafa, hawaye na ɗiga a toka, "kai ka san ban ci kowa ba... Ni ce aka cinye."

Ranar Lahadi bayan sujada shagon ya cika. Ana shirin farawa sai ga Lukuman, mai gyaran kwamfuta a kusa da tasha, abokin Aaron tun suna firamare. Ba wanda ya kira shi.

"Baba Fasto, a yi mini afuwa," ya ce. "Ni na raka marigayi ya sayo kwamfutar nan. Kafin a ɗora wa ɗiyar mutane laifi, a bari in duba."

Ya canja soket, ya canja waya, ya raba ta da wutar gari ya ɗora ta kan janareta. Sannan ya dubi Hannah. "Ƙanwata, tsallaka titi, ki zauna gindin mangwaron can." Ta tafi tana jan ƙafa, idanu na bin bayanta. Prosper ya kunna ƙwallo. Wasa ya yi nisa, shago ya yi tsit... ɗif! Kwamfutar ta mutu, ta sake tashi.

"To ga shi ba ta nan," in ji wani dattijo.

"Kurwarta ce ke aiki daga nesa!" Gladys ta yi caraf.

Lukuman ya matsa kusa. Ya ɗora tafin hannu bisa akwatin kwamfutar, ya janye da sauri. "Zafi kamar tanda!" Ya kara kunne. "Kuma ban ji kukan fanka ba." Ya zaro sukundireba.

Gladys ta yi tsalle ta tare gabansa. "Kada ka buɗe! Za ka lalata wa ɗana kaya!"

"Maman Prosper, mi kike tsoro?"

"Buɗe, ɗana," in ji Fasto a hankali.

Murfi ya faɗi. Mata suka saki salati da kiran Yesu a tare. Laya ce ta baƙar fata, ɗaure da jan zare, cuse tsakanin fikafikan fanka, har gefenta ya ƙone.

"Ga mayyarku nan," in ji Lukuman. "Wannan ta hana fanka juyawa. In aikin kaɗan ne kwamfutar tana jurewa, in wasa ya yi nauyi sai ta kashe kanta don kada ta ƙone. Da tsakar rana zafi ya fi tsanani, lokacin ne kuma marainiyar nan ke kawo muku tuwo."

"Mama!" Prosper ya ɓarke. "Ashe nan kika sa ta? Ai cewa kika yi bokan ya ce ta jawo ciniki..." Ya toshe baki, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Gladys ta zube ƙasa, ɗankwali ya zame. Matan da take jagoranta suka ja baya, kowace na tafa hannu. Nan take Fasto ya ce ta sauka daga shugabanci, kuma za ta tsaya gaban jama'a ta faɗi abin da ta yi da bakinta. Kawu Haggai ya miƙe. "Kwamfutar ta Hannah ce, yau za ta koma ɗakinta. Ke kuma Gladys, ki tafi gidanku, sai na neme ki." Ya tsallaka titi da kansa, ya durƙusa gaban yarinyar. "Ɗiyata... ki gafarce ni. Na ci amanar ɗan 'yar'uwata." Hannah ta fashe da kuka, irin wanda ya daɗe yana neman hanya.

Da aka cire layar fanka ta ɗauki juyi. Aka yi ta wasa har la'asar, kwamfutar ba ta ko ƙifta ba.

Hannah na tsaye a bakin ƙofa tana share ido, sai wata maƙwabciya ta matso a kunyace, ta kwance goyo, ta miƙa mata jaririn.

"Hannah... riƙe mini shi, bayana ya gaji."