Abin da Ban Rubuta a Takardar Issouf Ba

"Wannan na wa ne?" in ji Baba.

Ya ɗaga ɗan gicciyen azurfa da awartaki yana juya shi a hasken hantsi. Ina tsaye bakin maƙera da farantin shayi a hannuna.

"Na mahaifiyata ne, Baba," in ji Issouf. "Ta rataya mini shi ranar da zan baro Togo. Yanzu ba ni da buƙatarsa. A narkar da shi, a yi wa ɗiyarka Zuwaira zoben aure."

Issouf ma'aikacin kuran ne, wato wutar lantarki, a Anou Araren kusa da garinmu Agadez, sunansa na da Kossi. Wata bakwai ke nan da ya karɓi kalmar shahada a babban masallaci, ya yi wanka, ya zaɓi sunan da bakinsa. Ni na yagi takarda daga kaye, littafin rubutuna, na rubuta masa komai da bik: tsarki, alwala, salloli biyar da raka'o'insu, Fatiha da harufan boko, abin da ba a ci da abin da ba a sha, sai azumi idan ya zo. Alwalarsa ta farko buta uku ya ƙarar, a garin da kowa ke tattalin ruwa. Na yi dariya har da hawaye, shi kuwa ko a jikinsa, ya sake daga farko. A ranar na san na faɗa sonsa, ba fita.

Mahaifina Malam Alkasum maƙerin fari ne, mai aikin azurfa, ba ya gaggawar sa abu a wuta.

"Tana lafiya, mahaifiyar taka?"

Issouf ya sunkuyar da kai. "Ban sani ba, Baba."

"Ba ka sani ba?"

"Ranar da na gaya mata na musulunta ta yi ta kuka, ta ce na kashe ta. Tun daga nan ban ƙara ɗaga kiranta ba. Hanyarmu ta rabu... ni yanzu Musulmi ne."

Baba ya ajiye awartakin a hankali.

"Wa ya koya maka haka?"

"Ba kowa. Na ɗauka haka ake yi."

"Ba haka ake yi ba, ɗana. Ba za ka bi ta majami'a ba, ba za ka rataya wannan a wuya ba, gaskiya ne. Amma shahada ba ta wanke nonon da ka sha. Gaishe ta, ciyar da ita, jinyarta, duk suna kanka kamar yadda sallar Asuba take kanka." Ya damƙa masa gicciyen a tafin hannu. "Ba zan narka ba. Ka mayar mata da hannunka, ka nemi gafararta. Wanda ya iya jefar da uwarsa, ba zan ba shi ɗiyata ba sai ya je ya ɗauko ta."

Sai Baba ya ɗago ya dube ni. Kallo ɗaya kawai.

Domin na sani. Kowace Lahadi da la'asar, idan Issouf ya zo hira a zaurenmu, salularsa takan yi ƙara, in ga an rubuta *Maman*, ya kife ta a kan tabarma. Tun ina 'yar shekara tara a makarantar allo na san haƙƙin uwa. Amma tsoro nake kada muryarta ta janye mini shi, sai in ƙara masa shayi in canza magana. Ba don Allah na yi shiru ba, don kaina na yi.

A nan maƙerar Issouf ya kira lambar mahaifiyarsa. Ƙanwarsa Afi ce ta ɗaga. Ban ji Faransancin nasu duka ba, amma na ji ta ce tsohuwar tana kwance a gidan likita kusan wata guda, ba ta iya magana sosai.

Washegari da safe muka raka shi tasha. Kafin ya hau kar ya dafa aljihun rigarsa, inda takardata take a ninke.

"Ma chérie, sati biyu kawai. Zan dawo da albarkarta, ki gani."

"Allah ya kai ka lafiya, masoyina. Kar ka manta, matafiyi yana rage salla... mai huɗu ta koma biyu."

"Kin ga? Ba abin da kike bari na manta," in ji shi yana murmushi.

Da ma ƙasa ta tsage na shige.

Kwana huɗu ya yi a hanya. A na biyar, ina shanya wanki a tsakar gida bayan Azahar, salulata ta yi ƙara.

"Zuwaira..."

Daga jin muryar Issouf na zauna a kan turmi.

"An binne ta shekaranjiya. Ina cikin kar aka binne ta."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un..."

"Ta bar mini ƙulli. Kin san abin da ke ciki? Sallaya, da buta, da tasbaha. Afi ta ce kukan nata sati biyu kawai ya yi. Daga nan ta tafi zango wajen Hausawa, ta tambayi wata mai sayar da koko me Musulmi ke buƙata, ta sayo. Duk kiran nan na Lahadi, so take ta tambaye ni ta wace hanya za ta aiko mini. Ni kuwa ina kife ta a kan tabarma."

Kuka ya ƙwace masa. Ban taɓa jin namiji yana kuka haka ba.

"Na duba takardarki sau goma a hanya, Zuwaira. Babu uwa a ciki. Kin manta ne, ko?"

Ga ƙofar tsira ya buɗe mini da kansa. In na ce na manta, zai dawo, a ɗaura aure bayan Sallah. Amma wannan mutumin ya bar komai don gaskiya, ta yaya zan shiga ɗakinsa da ƙarya a bakina?

"Ban manta ba, Issouf."

"Ban gane ba."

"Na san ba daidai kake yi ba. Na ji tsoron kada ta raba mu, shi ya sa na yi shiru."

Ta cikin salular ina jin kukan kaji a can gidansu.

"Duk Lahadin nan... kin sani?"

"Na sani. Pardon, masoyina. Ka yafe mini don Allah."

"Na yafe miki," in ji shi a hankali. "Addinin nan ba don ke na shiga ba, kuma ba zan fita don ke ba. Amma in na zauna kusa da ke, ƙarar salular nan zan riƙa ji. Ba zan iya ba, Zuwaira."

Bai dawo Agadez ba. Ya zauna can yana riƙe da Afi. Wani abokin aikinsa ya gaya wa Baba cewa ba ya fashin jam'i, kuma a kan sallayar nan yake salla.

Baba bai taɓa yi mini faɗa a kan maganar ba, abin da ya fi faɗan zafi. Bana, da wata baiwar Allah daga Kamaru ta musulunta a unguwarmu, sai ya miƙo mini kaye da bik ya ce in rubuta mata abin da za ta fara da shi.

Na rubuta shahada a layin farko. A layi na biyu, tun kafin alwala, na rubuta: *Ki kira mahaifiyarki yau.* Hawaye ya ɓata tawadar, sai da na sake wata takardar.