Jan Layi a Tankin Ruwa

Ɗan tankin bai fi tafin hannu biyu ba, amma da wata mata ta ajiye shi a kan kantar shagon sai Auta ta kasa ɗauke ido daga kansa.

Jan layin da ke jikinsa take kallo.

Layin jan farce ne siriri, an ja shi daidai inda ruwa ya kamata ya tsaya, ƙarshensa ya ɗan karkace. Ta san karkacewar nan. Hannunta ne ya goce ranar, saboda dariyar da mai tankin yake ba ta.

"Baiwar Allah, lafiya kuwa?" matar ta ce tana gyara jakar kafaɗarta. "Na ce tsagewa ya yi, ruwa yake zubarwa. Na injin numfashin maigidana ne."

"Na... na wa?"

"Maigidana. Irin injin nan na masu minshari."

Auta ta dafa kantar da hannu biyu.

A wannan shagon na kayan asibiti ta fara ganin Injiniya. Ya shigo da takardar likita, ido jajur, wuyan riga a buɗe, yana magana ƙasa-ƙasa kamar wanda ya zo sayen abin kunya. Numfashinsa ne ke ɗaukewa idan yana barci. Da rana sai gyangyaɗi da faɗa, ko ƙuda ya gitta sai ya ci zagi. Ya ce matarsa ta gaji ta kwashe yara ta tafi, aure ya mutu, babu sauran magana.

Ita ta zaɓar masa injin. Ita ta gwada masa abin rufe hanci har aka samu wanda ba ya cizon karan hancinsa. Da ya dawo yana kukan bushewar maƙogwaro, ita ta haɗa masa tankin ruwa mai ɗumama iska. Da ya sake dawowa yana cewa ruwa na shigar masa tiyo, sai ta gano tabarau yake cirewa kafin ya cika tankin, ba ya ganin alamar kamfani. Nan ta zaro jan farce daga jakarta ta ja masa layi.

"Ko makaho ya ga wannan," ta ce.

"Kin ja mini layin rayuwa, Numfashina," in ji shi.

Kai, maza! Bakinsu da zuma aka yi masa wankan farko.

A kansa ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta ɗaga murya a gaban Baba. Baban ya ce bai yarda ta aure shi ba, mutumin da mace ta gudu ta bari sai an ji ta bakin macen. Yayyenta kuwa ba'a suka mayar da abin, wai Auta za ta auri mai kwana da janareta a hanci. Ta yi kuka, ta yi yajin cin abinci, ta ce wa mahaifinta ido cikin ido, "Baba, ba ka san shi ba!" Tun ranar Baba bai ƙara kiranta Autata ba, sai dai "ke". Da ƙyar Kawu ya shawo kansa ya yarda dangin Injiniya su zo neman aure ranar Asabar mai zuwa.

Ga Asabar ta kusa, ga tanki a kan kantar shago.

"Irin wannan ɗin zan saya, ko akwai wanda ya fi shi?" matar ta tambaya. "Ni fa ban san kan abin ba, kwanan nan na dawo ɗakina."

Auta ta kawar da ido daga tankin. Ta juya ta jawo kwalaye biyu daga kan katako, don aiki bai san zuciya na ciwo ba.

"Iri biyu ne, Anti," ta ce, muryarta kamar ta aro. "Wannan irin naku ne, a liƙe yake, ba ya buɗewa. Sai dai ki zuba ruwa ki girgiza. In ya kwana biyu farin dattin nan yana kama gindinsa kamar na buta, dole a sauya."

"Wallahi haka yake! Na sa buroshi ya ƙi shiga."

"Wannan kuma yana buɗewa gida biyu. Kin ga? Hannu na shiga ko'ina. Ƙarfen ƙasansa ya fi kauri, ya fi riƙe ɗumi, kuma ya fi cin ruwa, ba zai ƙafe kafin gari ya waye ba. In ɗakinku na da sanyi ki haɗa da tiyo mai ɗumi, in ba haka ba tururin zai koma ruwa ya ɗigo masa a fuska."

"Ai kuwa yana yi! Shekaranjiya ya zabura yana tari, na yi ta dariya."

Shekaranjiya! Ranar da ya ce mata yana wurin aiki a wani gari, waya ba ta shiga.

"Ruwan famfo kike zuba masa?"

"E mana."

"Ki daina. Tataccen ruwa ake sawa, kuma kullum da safe a zubar da na jiya."

"Allah sarki, kin san aikinki," matar ta ce tana murmushi. Fuskarta a sake, babu ko ɗigon mugunta, abin da ya ƙara ƙona Auta ke nan. "Ni injin nan uwa ya yi mini da uba. Da fa gidanmu ba ya zaunuwa. Minshari kamar ana saran itace, da rana kuma bala'i. Na tattara na tafi gidanmu. To da ya samu injin nan sai mutum ya dawo mutum. Ya yi ta sintiri yana ba Babanmu haƙuri, har na koma."

"Sakinki... ya yi ne da?"

"Saki kuma? A'a, yaji dai na yi mai tsawo. Igiyata ko ɗaya bai taɓa ba." Ta yi 'yar dariya. "Mahaifiyarsa ce ma ta ce lallai nan shagon zan zo, in nemi wata siririya da ake ce wa Auta. Ta ce ke kika san injin ciki da bai. Ke ce ko?"

To, ga inda gizo yake saƙar. Tsohuwar da ma ta ce ɗanta ba zai auri mai tsaron shago ba. Ba ta yi zagi ba, ba ta ɗaga murya ba, tanki kawai ta aiko.

"Ni ce," Auta ta ce.

Ta sa mai buɗewar a leda. Matar ta karɓa, ta tura mata tsohon.

"Wannan ki jefar mini. Na gode ƙanwata, Allah ya ba ki miji nagari."

Auta ba ta iya cewa amin ba.

Tana fita, Auta ta shige ɗakin ajiya ta zauna a kan kwalin keken guragu, ta toshe bakinta da mayafi. Kuka ta yi irin wanda ba ya fitar da sauti. Ba kishi ke cinta ba. Wautarta take gani tsirara. Ita ta gyara shi da hannunta, ta daidaita masa iska, ta daidaita masa ɗumi, ashe gidan wata take gyarawa. Kuma a kan wannan ta yi wa Baba tsawa!

Da la'asar sai ga shi.

Ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Ledar shagon na hannunsa, fuskarsa kuwa kamar wanda aka kama da hannu a tukunya.

"Numfashina..."

"Kada ka ƙara."

"Ki tsaya ki ji ni, don Allah. Wallahi Hajiyarmu ce ta shirya wannan, so take ta raba mu!"

"Hajiya ce ta ce mini aurenka ya mutu?"

Ya kawar da kai.

"Hajiya ce ta rantse mini a nan, a kan wannan kantar, cewa babu kowa sai ni?"

"Lokacin ai ba ta nan... ban san za ta dawo ba."

"Ba ka sani ba, kake sintiri gidansu?"

"Saboda yara ne, Auta! Kuma ai ba haramun na yi ba. Niyyata in an ɗaura sai in zaunar da ke in yi miki bayani."

"In an ɗaura!" Ta yi dariyar da ta fi kuka ciwo. "In na shiga rami sai ka ce mini akwai rami ko? Da ka faɗa mini gaskiya tun farko, in na ga zan iya in zauna, in ba zan iya ba in ba ka haƙuri. Zaɓin nawa ne. Shi ka sace mini."

"Tsoro na ji kada in rasa ki. Ke kika dawo da ni duniya, wallahi ke ce..."

"Injin ne ya dawo da kai. Ni tsaron shago nake yi."

Ya matso, ta ja baya. Idonsa ya ciko, kuma abin haushin shi ne har yanzu zuciyarta na motsawa idan ta ga haka. Ta tsani zuciyar nan tata.

Sai ya zaro sabon tankin daga leda ya ajiye a gabanta, a hankali, kamar mai kawo toshi.

"Ko layin ki ja mini. Kin san ba na gani in na cire tabarau."

Auta ta dube shi, ta dubi tankin. Ta buɗe jakarta ta ɗauko kwalbar jan farcen. Fuskarsa ta fara washewa.

Ta jefa kwalbar cikin ledarsa.

"Ka kai mata. Ita ma tana da hannu."

"Auta..."

"Kuma ka ce ta bar layin ya bushe kafin a zuba ruwa. Sauka lafiya, Injiniya."

Ya daɗe a tsaye. Da ya ga ta koma jera kwalaye ba ta da niyyar waiwayowa, ya ɗauki ledarsa ya fita. Ta ɗauki tsohon tankin mai karkataccen layi ta saka a kwandon shara, ta tura shi can ƙasa.

Saura mai wuyar.

Ta daɗe tana juya waya a hannu kafin ta danna lambar Baba. Ta shirya wa faɗa, ta shirya wa "ai na gaya miki". Ko zagi ne ta san ta ci.

"Ke, lafiya?" in ji Baba.

"Baba... ka ce wa su Kawu kada su wahala ranar Asabar. Babu masu zuwa."

Ta cikin wayar tana jin ƙarar fankar ɗakinsa.

"Baba, ka yafe mini. Kai ne ka san shi, ni ce ban..."

"Autata," ya katse ta. "Kin ci abinci yau?"

Nan kukan da ta danne tun safe ya ƙwace da sauti.

"Rufe shagon," ya ce. "Ga ni nan zuwa in ɗauke ki."